Gyaran banɗakin gidan gado a Aboabo: ɗan kwangila ɗaya ko masu aiki daban-daban?

Abdul-Razak, Aboabo

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman shawararku a kan gyaran banɗakin mahaifiyarmu a gidanmu na gado da ke unguwar Aboabo a Kumasi, ƙasar Ghana. Tsohon gini ne, ƙasansa daɓen siminti, bututun da ke cikin bango kuma na ƙarfe ne tun na asali. Yanzu bangon da ya raba banɗakin da ɗakin kwananta ya jiƙe daga ƙasa har zuwa gwiwar mutum, fenti yana kumbura yana zubewa, ɗakin kuma ba ya rabuwa da warin danshi ko da a tsakiyar hunturu ne. Muna so a fasa ƙasan, a sauya bututu, a sa tayil, a kuma kafa masai na zama domin tsugunno ya fara yi mata wuya. Wani ɗan kwangila ya zo ya duba, ya faɗi kuɗinsa a dunƙule ba tare da ya rarrabe na kaya da na aiki ba, yana kuma neman kashi 70 cikin 100 kafin ya fara. Yayata tana ganin mu ba shi mu huta, ni kuwa ina ganin mu sayi kayan da kanmu, mu ɗauki magini da mai aikin famfo da mai tayil, kowa da nasa aikin. Wanne kuke gani ya fi?

Alhaji Salisu, Asawase

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya kuma saka muku da alheri bisa wannan hidima. Ra'ayina shi ne naka. Mutumin da ya faɗa maka kuɗi a dunƙule ya ƙi rarrabewa, to ribarsa a cikin kayan take, kuma kayan da zai rage wa inganci su ne waɗanda ba za ka taɓa gani ba, wato bututun da za a binne a bango da kwaɓin da ke ƙarƙashin tayil. Tayil ɗin zai kawo maka mai kyau domin shi ne ido ke gani. Ka je da kanka ka sayi siminti, ko Ghacem ko Dangote ko wanda ka yarda da shi, ka ƙirga buhunan da suka shiga gidan, ka sayi bututu na kamfani sananne irin Interplast ko Duraplast wanda aka buga suna da kauri a jikinsa. Batun kashi 70 kuwa kada ma ka saurare shi. Duk wanda ya karɓi mafi yawan kuɗinsa kafin ya ɗaga guduma, kai ne za ka riƙa binsa a waya.

Masta Awudu, mai aikin famfo, Akwatia Line

Da izinin Alhaji, ina so a koma baya kaɗan kafin a zo kan wanda za a ba aikin, domin har yanzu ba a san daga inda ruwan nan yake shiga bango ba, kuma wanda bai san wannan ba, duk kuɗin da ya faɗa ƙiyasi ne kawai. Danshi irin wanda ka kwatanta yana iya fitowa daga wuri uku: bututun ƙarfe da ya yi tsatsa ya huje a cikin bango, ko ruwan wanka da ke ratsa daɓen da ya tsattsage, ko kuma danshin ƙasa da ke hawowa daga tushen gini, wanda ya yi yawa a gidajen da ke gangaren rafin Aboabo. Maganin kowanne daban ne. Idan na ukun ne, ko ka lulluɓe banɗakin da tayil mafi tsada, bangon ɗakin Hajiya zai ci gaba da jiƙewa.

Ga abin da za ka yi da kanka ba tare da ka biya kowa ba. Ranar da famfo ya kawo ruwa, ka rufe duk kawunan famfo na gidan, ka tsayar da cikar tanki, ka rubuta lambar da ke jikin mita, sannan ka dawo bayan awa ɗaya ko biyu. Idan lambar ta motsa, akwai yoyo a bututu. Idan daga tanki kuke shan ruwa, ka yi alama da alli a iyakar ruwan da dare, kada kowa ya buɗe famfo, ka duba da asuba. Sannan ka kewaya ka duba sauran bangwayen gidan da ba su haɗa da banɗaki ba, ka ga ko su ma suna da wannan farin gishiri da ke fitowa a gindinsu.

Hajiya Memuna, Sawaba

Ƙanena Abdul-Razak, maza za su yi ta maganar siminti da bututu, ni kuwa ina so in tuna maka wadda za ta shiga banɗakin nan kullum da asuba, wataƙila cikin duhu idan an ɗauke wuta. Tayil mai ƙyalli da ake jerawa a gaban shago na bango ne, ba na ƙasan banɗaki ba. Idan ka je saye, ka sa a kwantar maka da guda ɗaya a ƙasa, ka fasa ledar ruwa ka zuba a kai, ka cire takalmi ka goga tafin ƙafarka. Wanda ya riƙe ƙafar shi ne naka, ko da bai kai sauran kyau ba. Mai shago ba zai hana ka ba idan ya san da gaske za ka saya.

Ka kuma lura cewa iyayenmu da bokiti suka saba wanka, shawa ba ta dame su ba. Saboda haka a sa mata kan famfo a ƙasa-ƙasa, daidai inda bokiti zai shiga ƙarƙashinsa ba tare da ta ɗaga shi ba, a gina mata ɗan dandamalin zama a jikin bango inda za ta zauna ta yi wanka ko alwala, a kuma kafa ƙarfen dafawa kusa da masai da kusa da wurin wankan. Ƙarfen nan a kafa shi cikin bulo da dogayen kusoshi, ba a jikin tayil kawai ba, domin ranar da ta zame duk nauyinta a kansa zai sauka. Ƙofa kuma ta riƙa buɗewa waje. Idan tsoho ya faɗi a bayan ƙofar da ke buɗewa ciki, jikinsa ne zai tokare ta, masu taimako su rasa hanyar shiga. Waɗannan abubuwa ba su da tsada, amma idan ba ka faɗe su tun farko ba, babu mai aikin da zai tuna da su.

Fuseini, ɗan kwangila, Tafo

Ina girmama maganar Alhaji Salisu, amma ina roƙon a ji ta ɓangarenmu, domin ana yawan yanke mana hukunci ba ma wurin. Kashi 70 ya yi yawa, ban musa ba, kuma rashin rarrabe lissafi ba daidai ba ne. Sai dai neman kafin alƙalami ba alamar cuta ba ce. Duk wanda ya yi kwangila a 2022, lokacin da sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi ƙwarai, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a ƙarshen shekarar, ya san abin da ake nufi da ka yi ciniki yau ka je kasuwa bayan mako biyu ka tarar kuɗin ba ya sayen kayan. Tun daga lokacin yawancinmu muka koma sayen kaya gaba ɗaya a ranar farko. Akwai kuma masu gida da za ka gama musu aiki su ce ka dawo ƙarshen wata, alhali yaran da suka yi maka aiki kullum da yamma suke karɓar nasu.

Abin da Alhaji bai ambata ba shi ne abin da ke faruwa idan ka raba aikin gida uku. Magini zai zuba daɓe ya tafi, mai famfo ya zo ya sassare shi domin ya shigar da bututu, mai tayil ya zo ya tarar ƙasa ba ta gangara zuwa rariya ba, ya ɗora tayil ɗinsa a haka domin kuɗinsa na murabba'in mita ne. Bayan wata ɗaya ruwa ya kwanta a lungu, ka kira magini ya ce mai famfo ne ya ɓata, mai famfo ya ce mai tayil ne, mai tayil ya ce yadda ya tarar ya bi. Kowannensu yana da ɗan gaskiyarsa, kai kuma ba ka da wanda za ka riƙe. Abin da kake biyan ɗan kwangila a kansa shi ne ya zama mutum ɗaya da laifin zai hau kansa. Idan Abdul-Razak yana fita aiki da safe ya dawo da dare, wa zai tsaya a kan mutum uku ya tsara wanda zai riga wani?

Abdul-Razak, Aboabo

Na gode ƙwarai. Masta Awudu, na bi yadda ka ce, mita tana tafiya a hankali alhali komai a rufe yake, sauran bangwayen gidan kuma a bushe suke. Yaya Fuseini, gaskiya ne ba na wuni a gida, kuma wannan ne ya sa yayata take jin tsoron rarraba aikin.

Injiniya Bashiru, Oforikrom

To an samu bakin zaren, bututun ne, ko da yake tsohon daɓen ma ba zai rasa nasa laifin ba. A ganina muhawarar ɗan kwangila ɗaya ko mutum uku ba ita ce babba ba. Babbar magana ita ce a wane mataki kuɗi ke fita daga hannunka, da abin da ka gani da idonka kafin ya fita. Banɗaki ya bambanta da falo ta wannan fuska: duk abin da zai sa ya daɗe ko ya lalace ana rufe shi ne a cikin kwanakin farko, kuma daga ranar da tayil ya hau, ba ka da hanyar duba shi sai ka fasa.

Saboda haka a ɗaure biyan kuɗi da gwaji. Bayan an fasa an shimfiɗa sababbin bututu, kafin a shafe bango, a toshe bakunansu a sake musu ruwa ya kwana a ciki, ka bi kowace mahaɗa da busasshen tsumma ko takarda. Idan za a sa hita ta dumama ruwa, bututun ruwan zafi ya zama PPR da ake haɗawa da zafin na'ura, domin farin bututun PVC na yau da kullum ba a yi shi don ruwan zafi ba. Bayan wannan sai daɓe, kuma ya gangara zuwa rariya da kimanin santimita 1 da rabi zuwa 2 a kowace mita. Ba sai ka iya karanta awo ba, ka zuba bokitin ruwa a lungu mafi nisa ka tsaya ka ga inda zai bi. Sannan a shafa maganin hana ruwa ratsawa, shafi biyu, na biyu ya gitta na farko, a ƙasa gaba ɗaya, ya hau bango aƙalla santimita 15 zuwa 30 ko'ina, a wurin wanka kuma ya kai kimanin mita 1.8. A ba da ƙarfi a kusurwar da ƙasa ta haɗu da bango da kuma kewayen bakin bututu, nan ne yoyo ya fi farawa. Idan ya bushe, a toshe rariya, a tare bakin ƙofa, a cika ƙasan da ruwa kamar tsawon ɗan yatsa, a yi alama, a bar shi awa 24 zuwa 48. Idan ruwan bai sauka ba kuma bayan bango bai nuna danshi ba, sai a kira mai tayil.

Mutane da yawa suna ɗauka tayil shi ne ke hana ruwa shiga. Ba haka ba ne, ruwa yana bi ta cikon da ke tsakanin tayil da tayil, musamman idan ya fara tsagewa. Masu aiki da dama suna tsallake wannan shafi da wannan gwaji domin yana cin kwana biyu ko uku da ba sa samun kuɗin komai a ciki, kuma ni a wurina ɗan kwangilar da ya ce ba sai an yi ba ya riga ya faɗa maka irin aikinsa.

Batun hita kuma ba na mai famfo ba ne. Tun dokar wayoyin lantarki ta 2011, Hukumar Makamashi ce ke ba masu haɗa waya shaidar ƙwarewa, saboda haka ka nemi mai wannan shaida. Hita ta samu layinta daban daga akwatin rarraba wuta, da wayar da ke sauke wuta ƙasa, da na'urar da ke yanke wuta da kanta mai awon miliamfiya 30. Wuri ne da mutum ke tsayawa a jiƙe ba takalmi.

Rukaya, Hambog

Ina goyon bayan Injiniya ɗari bisa ɗari. Ni daga nan Jamus na tura kuɗi aka gyara banɗakin gidanmu a Kumasi. Wanda aka ba aikin yana turo mini hotuna masu kyau ta WhatsApp, amma duk hotunan na bayan an gama ne, tayil yana sheƙi, madubi a rataye. Da damina ta zo sai tayil ɗin ƙasa ya fara amo kamar ganga idan an taka, wasu suka ɗaga. Da aka ɓamɓare ɗaya sai aka ga dunƙulen siminti biyar ne kawai a bayansa, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, sauran duk rami ne cike da baƙin ruwa mai wari, kuma tsohon daɓen yana nan ba a taɓa shi ba duk da an karɓi kuɗin fasa shi. Shawarata ga duk wanda ba ya wurin ita ce ya nemi hoto da bidiyon abin da za a rufe kafin a rufe shi, a ga bututu a cikin bango da awo a jikinsa, a ga ruwan gwaji da alamarsa. Hotunan nan ma za su yi amfani daga baya, ranar da wani zai huda bango ya rataye wani abu, domin zai san inda bututu ya bi.

Masta Awudu, Akwatia Line

Abin da ya sami Hajiya Rukaya yana yawan faruwa da tayil irin na foselin, wanda ba ya shan ruwa, don haka kwaɓin siminti zalla ba ya kama shi sosai. Gam ɗin tayil ake shafawa da cokali mai haƙora ya cika bayan gaba ɗaya. Kafin ka biya mai tayil, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da kwabo ko makulli, wanda ya yi amon rami a cire. Ka sayi ƙarin kamar kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, duk daga zubi ɗaya, domin ko na Twyford da ake yi a nan ƙasar a Shama, launin wannan zubi yana iya bambanta kaɗan da na gaba.

Amma akwai tambayar da ba wanda ya yi: masai na zama da za a kafa, ina ruwansa zai tafi? Bututunsa mai inci 4 ne, kuma dole ya sami wurin zuwa, ko tankin ƙasa da sokawe, ko biyodaijesta, wato ƙaramin tankin da ke narkar da bayan gida, irin wadda ta yawaita a unguwanninmu tun da shirin tsaftar muhalli da Bankin Duniya ya tallafa ya faro daga Accra ya iso Kumasi, har da yankin Asokore Mampong. Idan biyodaijesta ce, kada a haɗa mata ruwan wanka, domin yawan ruwa da sabulu da bilic suna kashe aikinta. Ruwan wanka ya bi nasa bututun zuwa nasa sokawe. Kada kuma ka yarda a sulale bututun masai cikin kwatar unguwa, ko tankas, wato jami'an duba-gari, ba su zo ba, haƙƙin maƙwabta ne. A sa gwiwar bututu mai riƙe ruwa a ƙarƙashin rariya, da bututun shaƙar iska da ya haura rufin gida, in ba haka ba wari zai riƙa dawowa ɗakin Hajiya.

Malam Sulemana, Sabon Zongo

Allah ya saka wa kowa. Abu biyu zan ƙara. Na farko, tun da za a fasa ƙasa ne a sake shimfiɗa bututu, lokacin da ya dace ke nan a duba fuskar masai. Malamanmu na Malikiyya sun sauƙaƙa a cikin gini, amma idan akwai hali a kauce wa fuskantar alƙibla ko ba ta baya, fita daga saɓani ya fi, kuma daga Kumasi alƙibla tana gabas ne da karkata zuwa arewa. Bayan an binne bututu gyaran zai yi tsada, yanzu kuwa magana ce ta juya gwiwa ɗaya. Na biyu, ka ce gidan gado ne. Ka sanar da sauran magada kafin a fara, a rubuta wanda ya ba da kuɗi da kuma ko kyauta ce ga gida ko bashi, domin ƙaramin gyara irin wannan yakan zama sanadin magana ranar rabo. Shi ma ɗan kwangilar a rubuta yarjejeniya da shi gaban shaidu biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rashin yarda ba ne ka ce a rubuta. Idan kuma ya cika aikinsa, a biya shi nan take kada a ja masa rai.

Alhaji Salisu, Asawase

Fuseini, na ji hujjarka kuma na karɓi rabinta. Tun da yaron ba ya wuni a gida, mutum ɗaya ya riƙe aikin. Amma ban sauka daga batun kaya ba. Ɗan kwangila ya rubuta jerin abin da ake buƙata da yawansa da sunan kamfaninsa, su tafi kasuwa tare da Abdul-Razak rana ɗaya, Abdul-Razak ya biya mai shago da hannunsa ya riƙe rasit, a sauke kayan a gidan. Ta haka tsoron tashin farashi da ka ambata ya kau, kuɗin kuma bai shiga aljihun kowa ya tafi wani aikin ba, domin mun san yadda ake ɗaukar kuɗin wannan gida a ƙarasa aikin wancan.

Fuseini, Tafo

Baba, na yarda da wannan tsari, da sharaɗi ɗaya da nake so Abdul-Razak ya sani tun yanzu: idan aka cire ribar kaya, kuɗin aiki zai ɗan hau, kuma wannan halas ne, domin tsayuwa a kan aiki da ɗaukar alhaki suna da farashi. Yadda nake yi da masu gida shi ne a raba kuɗin aikin kashi huɗu. Kaso na farko ranar da aka fara fasa, domin a sallami leburori da motar kwasar ɓaraguzai, na biyu bayan gwajin bututu, na uku bayan gwajin ruwan da Injiniya ya bayyana, na ƙarshe bayan an kafa masai da famfuna. Ban ƙi a riƙe kashi 10 cikin 100 na tsawon wata ɗaya ana amfani da banɗakin ba, amma a rubuta ranar biya, a tura ta momo, wato asusun kuɗi na waya, domin shaida ta zauna a wayar kowa. Duk canjin da mai gida ya kawo a tsakiyar aiki, kamar a matsar da famfo bayan an shafe bango, a yi cinikinsa daban kafin a taɓa.

Abdul-Razak, ka koma wurin mutumin naka da wannan tsari, ka kuma ce ya kai ka wani banɗaki da ya yi wanda ya shekara biyu ko fiye, ba wanda ya gama jiya ba, ka duba bayan bangonsa ka tambayi masu gidan. Ka kuma tanadar wa Hajiya wurin da za ta riƙa wanka da kewayawa na aƙalla mako biyu zuwa uku kafin a ɗaga guduma, domin matsin rashin banɗaki shi ne ke sa masu gida da kansu su ce a bar gwaji a ɗora tayil. Bangon ɗakin nata kuma kada a yi masa fenti da wuri, a kankare tsohon shafen a bar shi a buɗe ya sha iska har ya bushe, ko da zai ɗauki wasu makonni bayan an gama banɗakin.